Kazata mai ƙwai da gabar shuwaka

Mu kaɗai ne Kiristoci a layinmu na Gyadi-Gyadi a lokacin da Turawa ba su tafi ba, unguwar ma duk gonaki ce. Iyayena daga kudu suka zo, amma ni a Kano na buɗe ido, bakina kuma ba ya shiru. Bakin nan ne ya haɗa ni da Inna, dattijuwar da muke katanga ɗaya. Akuyarta ta cinye min shuwakar da na shuka, na faɗi maganar da ba ta faɗuwa, ita ma ta rama. Tun farkon damina ko sannu ba ta haɗa mu.

Al'adarmu duk Kirsimeti, mijin Inna, Malam, shi ke yanka mana zakara, don maƙwabta su iya cin abincinmu. A wannan shekarar maigidana, kafinta ne mai gudun rigima, ya ga hanyar sauƙi. Ranar jajibiri ina wanke shinkafa sai na ji fuka-fuki a bayan ɗaki. Wai shi gwani, ya yanka da kansa!

Na ce, "Kai, maigida! Wa zai ci wannan?"

Ya ce, "Mu mana."

Mu mana! Haushi ya kama ni, amma tsoro ya fi haushin. Gobe zai goya ni a keke har coci a Sabon Gari, in buɗe baki in rera cewa an haifi Almasihu, salama ta sauko duniya, alhali ban iya kai salamar nan bayan katangata ba. Da wane ido? Abincin nan ne kaɗai dabarar da nake da ita ta shirya da Inna ba tare da na ce yi haƙuri ba, ga shi ya ɓata min.

Saura kaza ɗaya a gidan, mai ƙwai, wadda nake ji da ita. Na cafke ta, na yafa gyale, na nufi gidan Inna, kaza tana ihu kamar ta san abin da ake ciki.

Na yi sallama. Na sake. Sai ga Inna da muciya a hannu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Yau shuwaka ce ta tsiro?"

Na haɗiye amsar da ta zo min, da ƙyar kuwa. Na ce, "Inna, Malam nake nema ya yanka min. Gobe sallarmu, ina so ki ci abincina."

Ta karɓi kazar, ta shafa cikinta. "Mai ƙwai za ki yanka? Lallai yarinyar nan ba ki da hankali. Mayar da ita. Kawo min shinkafar da manja, ko ba nama zan ci."

Ta shige ɗaki, na ji tana ture kwanuka. Ta fito da wata 'yar tukunya an ɗaure bakinta da tsumma, ta dangwara min a hannu. Soyayyen nama ne cikin kitse.

"Rabonki ne na layya," in ji ta, tana kallon gefe. "Kullum sai na ce gobe zan aiko. Yara sun yi naci har sun gaji, na ce ba nasu ba ne."