Koren Reluwe a Ƙofarmu

Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Sha'aban, shekarar da na cika tara, Baba ya ɓalle ƙofar gidanmu daga jikin bango ya kwantar da ita a kan bulo a tsakiyar layi. Zafin Jidda na ranar irin mai danshin nan ne da ke manna wa mutum riga a baya, amma shi ko a jikinsa. Ya kankare ƙarfen har ya yi fari, ya buɗe gwangwanayen fenti, ya zauna yana haɗa kala da tsinke kamar mai haɗa magani, ni kuma ina tsaye riƙe da tsumma da kwalbar kananzir, warin yana hawa mini ka. Daren nan da labule muka rufe gida, gobensa ma haka, don wai sai shafin farko ya bushe a yi na biyu. Da aka mayar da ƙofar, ta zama kore shar mai duhu, ga ratsin rawaya faɗin tafin hannu ya ratsa ta daga gefe zuwa gefe, a tsakiya kuma ga tambari: ƙafar jirgin ƙasa da fukafukai biyu a cikin da'ira. Yaran layi suka taru suna tafi. Umma ta leƙo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, mu da muke roƙon Allah a manta da mu?" Baba ya goge hannunsa ya ce fenti ne kawai, ba ganga ba.

Ni dai tun ranar na tsani koren nan, kuma har yau ban daina ba.

Kafin ya zo ƙasar nan, Baba mai fenti ne a ma'aikatar gyaran taragu ta reluwe a Zariya. Da jirgin ya fara mutuwa, aiki ya tsaya, sai ya taho Jidda, ya samu kafili, wato Balaraben da ya tsaya masa, ya shiga aikin rubuta lambobi a jikin rumbunan tashar jiragen ruwa. Mutane in za su bar gida, hoton iyayensu suke ɗaukowa ko ɗan garin yaji. Shi abin da ya ɗauko a ƙasan akwatinsa wani falanken kwano ne da aka huda siffar tambarin a jiki, wanda ake ɗorawa a kan tarago a bi da burushi. Yana naɗe shi a tsohon rawani, ba mai taɓawa. Hirarsa ba ta wuce nan. Koren reluwe ba koren ganye ba ne, ba kuma na tuta ba, sai an ɗiga masa baƙi kaɗan da shuɗi. Ratsin rawaya yana da ƙa'idar tsayinsa daga ƙasa. Haruffan tasha masu kauri ne, ba lanƙwasa, don mai gudu ya karanta. Cokulan taragon cin abinci, maɓallan rigar gadi, fitilar mai ba da hannu, komai da tambarinsa. In ya yi nisa sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Alama mai kyau ita ce wadda ko wanda bai je makaranta ba zai hango ta daga nesa ya san ta wane gida ce." Na ji wannan magana har ta gundure ni, alhali ko hayaƙin jirgin ƙasa ban taɓa gani ba, don a lokacin Jidda ba ta da shi.

Layinmu a unguwar Sa'alaba ɗan siriri ne, gidaje a manne da juna, ƙofofin duk kalar ƙasa ko toka, kuma ba don rashin son kwalliya ba ne. Rabin mutanen layin ba su da iƙama, takardar zaman ƙasa, Umma na cikinsu. Ta biyo Baba da takardar umra, takardar ta mutu, kafili ya yi ta cewa gobe har maganar ta shiririce. Mu yara ba mai tambayarmu komai a wancan lokacin, amma an horar da mu tun muna ƙanana: ba a nuna wa baƙo gidan kowa, ba a kiran sunan babba a waje, in motar masu kame mai ragar ƙarfe ta shigo, wasa ya tashi. A irin wannan wuri ne ubana ya ga ya dace ya kafa tashar jirgi. Nan da nan ƙofarmu ta zama abin kwatance. Mai motar ruwa, da muke kira wayit, in zai tsaya sai ya ce gaban koriyar ƙofa. Mai gas haka, mai kawo buhun gyaɗa haka. A makarantar unguwa, wadda ɗaki biyu ce a saman wani shago, 'yan ajinmu suka raɗa mini "bint algiɗar", 'yar jirgi. In na shigo sai su jeru su kama kafaɗar juna suna cuku-cuku, na gaba yana busa. Na yi dambe a kan sunan nan har aka yaga mini hijabi, na dawo gida ina kuka, Baba ya ce ai suna ne mai daraja.

Abin bai tsaya a ƙofa ba. Ragowar fenti ya hau kan bokitin wanka, ya hau kujerar tsugunno, ya hau keken ƙanena Bashir, har akwatin da nake ajiye duwatsun carafke bai tsira ba. In muna 'yar ɓuya a layi, ni ake fara kamawa, don Baba ya yi wa silifas ɗina ɗigon rawaya wai kada su ɓace a masallaci. Umma takan girgiza kai kawai ta ci gaba da aikinta. Aikin kuwa ba kaɗan ba ne. Da asuba take dafa zoɓo ta niƙa aya, ni in kankare citta in tace, Bashir ya riƙe mazurari, mu ɗura a robobi mu jera a firiza. Da hantsi sai ta zuba su a kula, babbar robar nan mai riƙe sanyi, ta sa baƙar abaya da niƙabi, ta tafi bakin titin da leburorin tasha ke wucewa. Can akwai mata irinta da yawa, daga Kano, daga Maraɗi, daga Chadi, kowacce da fara ko shuɗiyar kularta. Suna da dabararsu. In masu kame suka ɓullo, kowacce sai ta saki kayanta ta faɗa lungu. Baƙaƙen abayoyi ne kawai, ba mai bambance wata da wata, kula kuma kula ce, an tafi da ita shi ke nan, a sayi wata.

Kular Umma ta tsufa, ta ƙoƙe, murfinta ya yi dabbare-dabbare. Wata ranar hutu ta je barkar haihuwa unguwar Bani Malik, ta dawo ta tarar Baba ya yi mata gyara. Ya mayar da kular koriya, ya ja mata ratsin rawaya, ya ciro falankensa daga rawani ya buga mata tambari a murfi da ciki da kowane gefe. Yana tsaye a kanta yana murmushi kamar wanda ya kawo lefe. Umma ta ce a wanke. Ya ce fentin reluwe ba ya wankuwa, ruwan sama da ranar arewa ma sun gwada sun bari. Ta ce to a sayo wata. Ya ɓata rai, ya ce shi ya ɓata hutunsa don ya faranta mata, kuma masu saye za su riƙa gane ta daga nesa, ciniki zai ƙaru. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Cinikin ya ƙaru, leburori suka riƙa tsallake sauran mata suna neman Hajiya mai jirgi. Umma ta yi shiru da maganar don kada ta karya masa zuciya. Na sha jin haushin wannan shirun nata ma.

Ranar da abin ya faru, ina tsakar gida ina wanke robobi wajen azahar, sai Umma ta faɗo gida ba kula, ba takalmi ɗaya, tana haki. Ta yaye niƙabi ta ce, "Alhamdulillahi, kular ce kawai ta tafi." Ta kai hannu za ta sha ruwa sai ta tsaya cak, ta juya ta dubi ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta fizgi Bashir, ta tura ni gaba, ta cusa mu ta ɗan gurbin da ke katangar baya zuwa gidan maƙwabciyarmu Khala Fanta, 'yar Chadi. Khala Fanta ta riƙo hannunta tana cewa, "Yalla, ke ma shigo, ya ukhti, shigo!" Umma ta ce, "In suka tarar ba kowa, gida-gida za su bi. Ke da 'ya'yanki fa?" Ta zare hannunta ta koma.

Masu kamen ba su ma sha wahalar tambaya ba. Ɗayansu ya rungumo kular ya bi layi yana duba ƙofofi, kamar mai neman murfin tukunya. Ta jikin katanga na ji ƙwanƙwasawar, na ji muryar Umma tana ce musu ita kaɗai ce, ba ta da kowa. Na ji wani yana dariya yana cewa da Larabci kala ɗaya, alama ɗaya, wallahi wanda ya zana wannan gwani ne. Daga nan sai ƙarar mota. Khala Fanta ta toshe wa Bashir baki da gyalenta, ni kuwa ko kukan ban iya ba.

Baba ya dawo daga tasha bayan la'asar ya zauna a dandaryar ƙasa, ya sa ni na ba shi labari daga farko. Ya yi kuka, ba zan ɗauke masa wannan ba. Amma da na zo kan maganar mutumin nan, cewa mai zanen gwani ne, na ga gefen bakinsa ya motsa. Abu ne na ƙiftawar ido, ya haɗiye shi nan take, amma na gani. Mutane sun sha ce mini yarinta ce, idona ne ya yi mini gizo. Na san abin da na gani. Ya yi ta zarya wajen kafili da wurin da ake tsare waɗanda za a mayar gida, ba abin da ya fito, aka sa Umma a jirgin sama zuwa Najeriya. Bayan ta tafi ya samo fenti ruwan toka ya shafe ƙofar, ya shafe bokiti da kujera. Aikin banza. Iskar gishirin teku ta riƙa ɓare tokar, koren yana leƙowa daga ƙasa, tambarin yana fitowa fiffike bayan fiffike. Fentinsa mai kyau ne, wannan kam ba mai musu. Na karɓi tukunyar zoɓo da girki da wankin Bashir ina 'yar shekara goma sha ɗaya, kuma har Baba ya rasu maganata da shi ba ta wuce gaisuwa da ga abinci.

Yanzu layinmu ma babu shi, an share wurin. Jidda ta yi jirginta fari fat mai gudu kamar iska. Wancan reluwen na Baba kuwa, da ya mutu ya bar taragu suna tsatsa, sai ga shi ya dawo a jikin riguna da kofunan shayi. Yara masu zane a waya sun tono tambarin suna yabon tsarinsa, suna jayayya a kan ainihin koren, wai kayan tarihi ne. Kwanaki ɗana Anas, wanda Hausarsa ta fi ƙarfi a kunne fiye da a baki, ya shigo da irin rigar yana washe haƙora. "Ummi, shufi, alamar Jaddi ce, wallahi helwa!" Wai in duba, alamar kakansa ce, ta yi kyau. Na ce ya cire ta, kada in sake ganinta a gidana. Ya ce riga ce kawai. Na ce na taɓa jin irin wannan maganar.

Abin da ban gaya masa ba shi ne wannan. Sai da na yi aure na samu takarda sannan na iya zuwa ganin Umma, lokacin har na haifi Anas ɗin. Na sauka Zariya, garin da ban sani ba, da kwatance a baki wanda ya watse tun a tasha. Na yi ta bulayi a lungunan Sabon Gari da jaka a hannu, ƙofofi duk iri ɗaya, ina jin kunyar tambaya da Hausata mai gaurayen Larabci. Na karya wata kwana ke nan sai na hango ta daga nesa: koriyar ƙofa da ratsin rawaya. Koren bai yi daidai ba, ya yi haske da yawa, ratsin ya karkace, tambarin ma ya fi kama da kaza. Ƙafafuna suka kai ni ba tare da na tambayi kowa ba. Umma na zaune a ciki tana tsince shinkafa, ta tsufa, ta ƙanƙance. Bayan mun gama koke-koke na nuna ƙofar, raina a ɓace, na ce, "Umma, wannan kuma fa? Bai ishe ki ba?" Ta ce wani yaro ta sa ya yi mata tun shekarar da ta dawo, kuma duk bayan damina sai an sabunta. "Kun tashi ba ku san garin nan ba," in ji ta. "Na ce in Allah ya kawo ku, ku gane gida."

Ta rasu shekarar da ta biyo baya. Rigar Anas tana nan a ƙasan durowata, ban ƙona ta ba kamar yadda na rantse, ban kuma mayar masa ba. Har gobe ba na son koren nan. Amma duk garin da na shiga, idona shi yake nema.