Gurbin Sunana a Waƙar Daka

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla da masu karanta ta. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan fili ina taɓe baki, ina cewa ni dai Allah Ya raba ni da zazzage cikina a gaban duniya. To ga shi yau ni ma na zo da nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa. A lokacin da abin nan ya faru ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Mayahi, da aurena da gidana. Mace ce ni mai kaifin baki, yara suna jin takun takalmina sai aji ya yi tsit. Abokan aikina kuwa madan mai busasshen ido suke ce mini, don ba wanda ya taɓa ganin hawayena, ko a gidan rasuwa. Ni kuma har wani daɗi nake ji idan sun faɗa. A ganina a lokacin, kuka aikin wadda ba ta da aikin yi ne.

Ni ɗiyar fari ce. A wani ƙauye kusa da Urafane aka haife ni, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake nufi da kunyar ɗan fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, a gida ɗaya, danga ce kawai tsakaninmu da mahaifiyata. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan ta dafa wani abu mai daɗi sai ta zuba a ƙwarya ta ba ƙanena ta ce a kai wa ɗiyar tsohuwa. Idan na faɗi na fasa gwiwa a gabanta sai ta kau da kai ta ƙwala wa kakata kira. Ba ta cin abinci ina wurin, ba ta dariya ina wurin, ranar da za a kai ni ɗakin miji ma gidan maƙwabta ta tafi ta yini. Kada wani ya ce mugunta ce, wallahi ba ta da ita ko ta ƙwayar gero. Matan garin da ita suke ba da misali, a ce wance akwai kunya, akwai kara. Ni ma da na girma nakan mayar da abin wasa, in ce wa ƙannena ni ba ni da uwa sai maƙwabciya. Muna dariya, amma can ƙasan raina akwai abu guda da nake so tun ina ƙarama: in ji ta kira ni sau ɗaya, da bakinta, da sunan da aka raɗa mini.

Wata kaka, ana tsakiyar roron wake, ƙanena ya kira ni a waya ya ce Inna ta faɗi a tsakar gida. A amalanke suka kai ta wajen majo, malamin jinya na Urafane, shi kuma yana dubawa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a wuce da ita asibitin Tasawa. Can na same su. Hawan jini ne da ba wanda ya san tana da shi. Ɓarinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Tana ji, tana ganewa, idan aka tambaye ta abu tana gyaɗa kai, amma ko ruwa ba ta iya cewa. Ƙannena duk sun riga ni isa, an ce mini sun shiga sun fita tana binsu da ido ba ta yi komai ba. Ina ɗaga labulen ɗakin na yi sallama, sai matar nan ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba, jikinta duk yana girgiza, hawaye har cikin kunne. Na tsaya a bakin ƙofa kamar an kafe ni, ban san gaba zan yi ko baya ba.

Da farko na ɗauka zafin ciwo ne. Amma da safe na sake shiga, ta sake. Da la'asar ma haka. Kowa ya shiga lafiya lau, ni kaɗai ce idan ta gani sai kuka. Na je na tare lokotoro, wato likita, a baranda, wani matashi mai haƙuri, na ce ya gaya mini gaskiya. Ya yi mini bayani a tsanake cewa ciwon nan yakan taɓa wurin da ke riƙe da linzamin kuka da dariya a ƙwaƙwalwa, shi ya sa masu shi sukan yi kuka ba don baƙin ciki ba, kada in ɗora wa abin wata ma'ana in wahalar da kaina. Na ce to in haka ne don me sai ni? Ya ce shi dai karatunsa bai kai nan ba. Abin da ya sani shi ne duk lokacin da ta yi kukan nan jininta yana hawa, kuma idan ciwon ya maimaita ba lalle ta tashi ba.

Ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna Ƙarama, ita ke jinyar. Ta ja ni gindin wani dogonyaro a harabar asibitin ta ce ita ba ta buƙatar lokotoro ya fassara mata wannan. Matar da ba ta taɓa kai loma baki a gabana ba, yau ga ta a kwance ana juya ta ana goge mata jiki, sannan in shigo in tsaya a kanta? Kunya ce ke kashe ta, in ina ƙaunar Allah in rufa mata asiri in daina shiga. Raina ya ɓaci, na ce haba Inna, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wanda ya yi wannan karin maganar ba ɗan fari ba ne. Ni kuwa ina da tawa fassarar da ban iya gaya wa kowa ba. Zuciyata tana raya mini cewa abin da ta danne tun ranar da ta haife ni ne ya samu ƙofa, cewa kukan nan nawa ne, ni take yi wa. To wa zan tambaya? Mai amsar tana kwance ba baki.

Haka na haƙura. Idan na shiga ina iya kashe ta, idan ban shiga ba ni abin yake ci. Na koma mai wankin zannuwanta da dama mata kunu, in ba wani ya kai, in zauna a kan tabarma a waje ina jin tarinta. Da aka sallame ta aka mayar da ita ƙauye, duk ƙarshen mako sai in kama hanya daga Mayahi, mota ta sauke ni, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni cikin yashi. In isa in gaida kowa, in zauna a bayan dangar nan da na girma a bayanta. Mace da girmanta, wadda ke sa yara rawar jiki a aji, ta koma leƙen uwarta ta kafar kara.

Wata safiya Inna Ƙarama da matar ƙanena suna luguden daka a tsakar gida, suka ɗauko wata tsohuwar waƙa ta garinmu, wadda mace ke jera 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana yi wa kowa kirari. Ana cikin haka sai muka ji murya daga ɗaki tana amshi. Mahaifiyata ce. Kalma tana fita tas, ba gargada. Matar ƙanena ta saki taɓarya ta hau salati, Inna Ƙarama ta daka mata tsawa ta ce ta ɗauka su ci gaba kafin abin ya gudu. Suna tsayawa, muryar ta tsaya. Aka tambaye ta ko tana son ruwa, ta buɗe baki, ba komai. Da muka mayar da ita awo Tasawa na ba lokotoro labari, ina tsammanin zai ce mun yi mafarki. Sai na ga ya yi murna ƙwarai. Ya ce an san da haka, waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, kuma abin da zuciya ta fi riƙewa shi ke fara dawowa. Ya ce a yi mata kullum, ya fi wani maganin.

Aka dawo da turmi ƙofar ɗakinta. Kullum da safe ana daka tana bi, sunayen ƙannena suka riƙa dawowa bakinta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta kira autanmu, ƙato da gemunsa ya durƙusa yana sheshsheka kamar yaro. Sai dai waƙar nan tana da ƙa'idarta. Daga na fari ake farawa, amma shi ba a faɗin sunansa. Idan an zo wurin sai mace ta cilla taɓarya sama ta tafa hannu, bakinta a rufe, ta cafe, sannan ta kama sunan na biyu. Kowa ya san gurbin wa aka tsallake. Mahaifiyata tana kwance, idan an zo nan sai ta bugi tabarma da hannunta na hagu mai lafiya, ta yi shiru, ta wuce. Ciwo ya ci hannu, ya ci ƙafa, ya ci harshe, amma bai ci wannan ba. Ina bayan danga ina jin bugun nan kowace safiya da nake garin.

Na roƙi Inna Ƙarama ta saka sunana a gurbin ko sau ɗaya, mu gani ko za ta bi ta kamar yadda take bin sauran. Ta riƙe haɓa ta ce Allah Ya kiyaye, boko ya gama da ni. Na yi ta naci har ta ji tausayina. Wata safiya da aka zo wurin, maimakon tafi, sai ta faɗi sunan a hankali. Mahaifiyata ta yanke waƙar, ta juya fuskarta bango. Ba ta sake buɗe baki ba ranar nan, haka washegari, haka har na koma Mayahi. Na ga zargi a idanun kowa a gidan. Na kasa ci, na kasa koyarwa, ina ganin ƙofa ɗaya da Allah Ya buɗe mata ce na rufe da hannuna. Da ƙanena ya kira ya ce ta koma waƙarta, na yi sujada a tsakar ofishin darakta. Ban sake roƙon kowa komai ba.

Sau ɗaya na karya dokar. Ruwan farko ya sauka, gida duk an tafi shuka, ita kaɗai ce tana barcin hantsi. Na lallaɓa na shiga na zauna a gefen tabarma, na kama hannun nan da ya mutu don na san ba za ta ji ba. Fatarsa duk kanta ce ta shekarun taɓarya. Sai ta buɗe ido. Kukan ya taso, ta miƙo hannun hagu ta damƙi wuyan hannuna. Jama'a, har yau da nake wannan rubutu ban sani ba, jawo ni take yi ko ture ni. Hannun ba ƙarfi. Na ce mata Inna ni ce, ta buɗe baki tana ta fama, leɓenta yana motsi, ba abin da ya fito. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, tsoro ya kama ni, na zare hannuna na fita. Cikin daminar nan ciwon ya maimaita, ina Mayahi ina tsaron jarrabawa. Kafin in isa an kai ta makwancinta. A zaman makoki ƙannena suna ta kuka, ni idona ƙamas. Ina ji tsofaffi suna yaba ni, wai ɗiyar uwarta ce, akwai dauriya.

Shekaru sun wuce ina juya maganganun nan uku. Lokotoro bai yi mini ƙarya ba, iliminsa ne ma ya sa muka riƙe waƙar da ta dawo wa uwata da murya. Inna Ƙarama ma ba ta yi ƙarya ba, ta fi ni sanin 'yar'uwarta. Tawa fassarar ce ba ni da shaida a kanta ko ɗaya, kuma ita ce nake kwana da ita nake tashi. Abin da na gane shi ne, abin da ke cikin zuciya ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a ce sai an buƙata a ɗebo. Ranar da za ka je ɗebowa kana iya tarar da bakin ya tafi. Ba zagin al'ada nake yi ba, kunya ado ce, a cikinta muka tashi. Amma ina roƙon iyaye mata, musamman na ƙasarmu, idan ba za ku iya a gaban mutane ba ku yi a ɗaki, daga ke sai shi, ki kira ɗanki na fari da sunansa tun harshenki yana juyawa. Ku kuma 'ya'yan fari, kada ku yi ta dariya kuna cewa ba komai. Ku tambaya tun mai amsa tana iya amsawa.

Kada kuma ku ɗauka mai wa'azin ta warke. Ni ma ina da ɗiyar fari, budurwa ce yanzu tana shirin gama lise, wato babbar sakandare, kuma tun da na haife ta ke ko waccan nake ce mata, duk bokona. Kwanan baya muna zaune mu biyu a tsakar gida tana tsince shinkafa, na ce yau sai na yi. Na daɗe ina tauna sunan a bakina, ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa, da ƙyar na tura shi waje. Yarinyar nan ta ɗaga kai ta dubi ƙofar gida, tana neman wanda ya kira ta. Da ta ga ba kowa sai ta juyo gare ni a tsorace, ta tambaye ni ko wani laifi ta yi. Na ce mata babu, ruwa nake so ta kawo mini.