Wanda Yake Buga Mini Bango

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta turo saƙo ban amsa ba, ku yafe ni.

Ranar da aka sallame ni daga wurin da ake killace masu korona, Sista Rifkatu, nas ɗin da take kula da mu, ta miƙo mini wata 'yar leda. Na buɗe, sai ga tabarau ɗin mijina, Baban Nana. Mutumin da ko lambar waya ba ya gani sai da shi.

A nan na gane.

Ga yadda abin ya faro. Da aka sassauta dokar kulle, Jimeta ta zama kamar ranar sallah. Ƙanwata ta haihu a Bekaji, na tafi suna da takunkumi a fuskata. Baban Nana ne ya saya mini, don yana da ciwon suga, ya ce in taimake shi. Ina shiga ɗaki goggonmu ta tambaye ni wai ko wari suke yi mini, ai gwamnati ma ta gaji da wannan wasan. Mata suka yi dariya. Na ji kunya, na cire na cusa a jaka. Wata tana ta tari a gefena, ta ce mura ce. Faranti ɗaya muka ci.

Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya kama ni. Mai kemis ya ba ni maganin sauro, bai yi ba. Miya ta ƙone a gabana ban ji ƙauri ba, sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Baban Nana ne ya yi jinyata. Shi yake goge mini jiki da ruwan sanyi. Sai shi ma ya kwanta, numfashinsa ya koma kamar na wanda ya yi gudu.

Aka zura mana tsinke mai auduga a hanci. Da sakamako ya fito, mota ɗaya ta ɗauke mu.

Ban taɓa ganin asibiti irin wannan ba. Babu mai jinya, babu 'yan dubiya, babu kwanon abinci daga gida. Ma'aikata sun rufe jiki da fararen kaya har ido, da murya muke gane su. Ba ka jin komai sai hucin tukunyar iska. Gadon da ka ga mutum da safe, da yamma ka ga an naɗe katifa.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin maza da namu. Sista ta ce gadonsa yana jikin bangon, na roƙa aka mai da ni saitinsa. Magana a waya ta gagare shi. Sai ya zama bayan sallar asuba yana buga bangon da cokali sau uku, ni in buga sau biyu.

Likita ya ce mini, "Hajiya, ki ci abinci. Jikinki ne zai yi faɗan, mu taimako muke yi." Ba na jin ɗanɗano, amma in na ji ukun nan sai in shanye kununa. Duk wanda na tambaya labarin mijina sai ya ce ana kula da shi.

Ranar sallamar, da ledar tabarau ɗin a hannuna, na ce yaushe ya rasu. Sista ta ce kwana shida ke nan, har an binne shi. Yayansa ne ya roƙa kada a faɗa mini sai numfashina ya daidaita.

Na ce, "Sista, da safen nan fa ya buga."

Ta kalle ni ta cikin gilashin fuskarta. Ta ce gadon nan ba a ba kowa ba tun ranar.

Ko ita ce, ko wani marar lafiya ne ya ji tausayina, ban sani ba. Ban sake tambaya ba. Na san dai kwana shida ina cikin takaba ina amsa wa bango.

Na warke a hankali. Na yi wata biyu in na share tsakar gida sai na zauna. Ƙanshi ya dawo daga baya. Alhamdulillahi. Na gode wa Sista Rifkatu da likitocin da ban taɓa ganin fuskarsu ba, da maƙwabciyata da ta riƙe mini 'yata Nana. Goggo na yafe mata, hannuna ne ya cire takunkumin.

Yanzu an ɗage komai, ban ƙi ba, mutane sai sun nemi abinci. Wani mai keke ya ce mini korona ta koma garinsu tuni, ni kaɗai ba ta yi wa sallama ba.

Roƙona kaɗan ne. In kana tari, kada ka shiga taro. In akwai tsoho ko mai suga a gidanka, ka wanke hannu kafin ka taɓa shi. In zazzaɓi ya ƙi magani, ka je a gwada ka. Kuma in ka ga wani ya rufe fuska, ka ƙyale shi, ba ka san wa yake tsarewa ba.

Mahaifiyarsa, Dada, tana Yola, ta tsufa sosai. An ce mata suga ce ta tashi masa, don kada unguwa ta guje ta. Kullum na je gaishe ta da takunkumi nake shiga. Ranar Juma'a ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, tunda ɗana ya tafi kin hana ni ganin fuskarki. Me na yi miki?"

Na ce mura nake yi.

Dada ba ta riƙe waya. Dangi masu karanta wannan, don Allah kada wanda ya riga ni faɗa mata. Zan je da kaina.

Har yau ban faɗa mata abin da ya kashe ɗanta ba, ban faɗa mata wanda ya kai masa shi gida ba.