Ambulan Ɗin da Clifford Ya Hana a Buɗe

Yayana Clifford Scaife ɗan gado ne a garin Aldersby, kuma ba ya barin kowa ya manta. A wurinmu ɗan gado shi ne wanda sunansa ke cikin littafin gari: yana sakin shanunsa a filin kiwon gari, yana kuma jefa ƙuri'a duk shekara idan za a zaɓi shugaban filin. Shi a wurin uba ya gada, uba a wurin kaka. Ni da muka fito ciki ɗaya sai da na yi furfura aka yarda mata su shiga littafin, amma ba zancen da ya kawo mu ke nan ba.

Shekara talatin da ɗaya Clifford yana gyaran shingen filin nan, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Abu ɗaya yake so a duniya, kujerar shugaba. Wanda ya tare ta kuwa Maurice Holgate ne, abokinsa tun suna makaranta. Maurice bai gaji komai ba. Shekara bakwai ya yi yana koyon fawa a hannun wani ɗan gado, aka sa shi a littafi kamar yadda doka ta yarda. Ga fara'a, kowa nasa ne. Idan ya sayi karsana, Clifford sai ya yi mako yana neman aibinta. Idan aka gaishe shi a kasuwa kafin a gaida Clifford, ranar ko shayi ba ya yi wa yayana daɗi.

"Enid, ki duba fa," in ji shi, "mutumin da kakansa ko tunkiya bai taɓa saki a filin nan ba."

"Yaya, hassada ce ke cin ka."

"Ni? Mai wankin hanji zan yi wa hassada?"

Sau huɗu suna karawa Maurice yana kayar da shi, kuma kullum da ƙuri'un gidan waya, na 'yan gadon da aiki ya kai Leeds da Hull. Dalili a fili yake. Maurice yana aika musu katin Kirsimeti, Clifford kuwa ko sunayen 'ya'yansu bai sani ba. Shi dai ya rantse maguɗi ne. Shekara biyu yana addabar taron 'yan gado har aka gaji aka ba shi dokar da yake so. Ƙuri'a ta shiga ƙaramin ambulan marar suna. A sa shi cikin babba, tare da takardar da mai zaɓe ya sa wa hannu a gaban shaida, kuma shaidan kada ya zama ɗan'uwansa na jini. Ya iso hannun magatakardan gari kafin sha biyun ranar Juma'a. Wanda ɗan takara ya nuna ya saɓa wa doka ba a buɗe shi, bayan wata shida a ƙone.

Ba dokar ce ta tayar da Maurice ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, ya koma wurin 'yarsa Beryl a Whitby. Clifford, yana da shekara saba'in, ya tsaya takara da Gordon Tindall mai sayar da taki, ya kuwa san ita ce damarsa ta ƙarshe.

Ranar ƙidaya yana bin ambulan ɗaya bayan ɗaya da tabarau a kan hanci. Sai ya tsaya a kan wani rubutu mai karkarwa. Maurice Holgate. Shaida, Beryl.

"Mista Scaife," in ji magatakarda, "bawan Allahn nan ko ƙofa ba ya fita. Wa zai samu in ba 'yarsa ba? In ba ka yi magana ba, zan ƙirga."

Gordon ya ce shi ba ruwansa. Na mintsini yayana a hannu, ko gezau.

"Doka doka ce," in ji shi. Na ga daɗi a fuskarsa, abin ya ba ni kunya.

Aka ware ambulan ɗin Maurice ba a buɗe ba, aka ƙirga sauran, kowa hamsin da takwas. Idan aka yi kunnen doki, suna ake zarowa daga hula. Magatakarda ya zaro Gordon.

Bayan mako uku na ja shi Whitby dubiya, yana tafe yana ƙunƙuni. Maurice yana zaune a bakin taga da bargo a gwiwa, maganarsa tana fita da ƙyar.

"Cliff, an ce hula ce ta kayar da kai. Na yi baƙin ciki. Rabin sa'a na yi ina fama da alƙalami, amma kai na zaɓa. Ba wanda ya san filin nan kamarka."

Beryl ta sunkuyar da kai. Ashe ba ta gaya masa abin da aka yi da ambulan ɗinsa ba. Clifford ya ce an gode, ya shanye shayinsa da zafinsa.

A mota, da muka yi nisa, ya juyo gare ni.

"Ƙarya yake yi."

"Ka san ba ya ƙarya, Yaya."

Ya mai da kallonsa kan gonaki ta taga.

"Ban taɓa jefa masa ƙuri'a ba, Enid. Ko shekarun da ban tsaya ba, wani nake zaɓa. Shi kuwa da hannu ɗaya." Ya goge hanci da bayan hannu. "Har a nan ma sai da ya fi ni."