Igshaan Salie da Waƙar da Aka Sayar wa Masu Sabulu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ana yayyafi, Zulfa ta buga mini ƙofa ta ce, "Anti Gouwa, Babana ya tafi." Zuciyarsa ce ta tsaya yana kan kujera, shayin da ta haɗa masa bai ko huce ba. Igshaan Salie ke nan, ɗan marigayiya Galiema, na layinmu a unguwar Salt River. A rediyo an ce ƙasa ta yi rashin mawaƙin da ya yi waƙar nan mai suna Kafur. Ni maƙwabci na rasa. Ban yi makaranta ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kar a gyara mini baki.

Igshaan, ka san aikina, wankan gawar mata. Ni na wanke uwarka. Lokacin kana saurayi, kana guga a masaƙar riguna, gashin nan naka har kafaɗa. Namiji ba ya shiga inda ake wanke mace ko da ita ta haife shi, sai ka zauna a ƙasa ka jingina da ƙofar ɗakin. Muna ciki muna jin bayanka yana motsa ƙyauren. Ba abin da ya iso maka sai ƙarar ruwa daga buta da ƙamshin kafur ta ƙasan ƙofa. Da na fito ka miƙe ka ce, "Anti, yaya fuskarta take?" Na ce maka ba na faɗa.

Ba mugunta ba ce. Matar da ta koya mini aikin nan ta ce da ni, wasu masu wanka in sun ga alheri sukan faɗa, in sun ga akasinsa su yi shiru. To ranar da suka yi shiru, ai duk unguwa ta gane. Ta ce ke ki kama bakinki a kan kowa, mai kyau da marar kyau, shi ne rufin asiri. Haka na riƙe har tsufana, kuma kai ma ban ware ka ba.

Waƙar taka ai wannan zaman ne na bakin ƙofa, ba wani abu ba. Da ka yi ta, ni ka fara kawo wa a kaset. Tana farawa a hankali, ruwa na zuba, kana magana kamar mai raɗa, sai can ganguna da jita su fashe kamar an kifar da kwanukan gidan biki, kai kuma kana ihu a buɗe maka ka ga fuskarta. Na ce, "Wannan kiɗan yaran Turawan unguwar Observatory ne, kunnena zai tsage." Ka yi dariya ka ce, "Anti, in na yi kuka a hankali wa zai ji?" Ban so kiɗan ba har yau, amma da ka tafi na zauna na yi kukana.

Daga nan waƙa ta fita hannunka. Motar haya ita, kanti ita, filin ƙwallo ita. Masu jarida suka ce budurwa ce ta yaudare ka, wasu suka ce ƙwaya kake nufi. Maganar a fili take cikin waƙar, da harshen da suke ji, amma wa ya tsaya ya saurara? Su dai a zo wurin fashewar nan su yi tsalle. Na je bikin jikar ƙawata na ga amarya da ango suna rawa da ita, ana tafi. Na ɗauki jakata na fito.

Wannan duk mai sauƙi ne. Wata rana ina kallon talabijin sai na ji ruwan nan na zuba. Na ɗaga kai, sai ga wata yarinya tsirara rabi cikin kumfa, tana murza kafaɗa tana washe haƙora. Tallan sabulun wanka. Ruwan da na zuba wa Galiema, shi aka ɗora wa wannan. Na tofar da yawu a tsakar ɗakina, ni da ba na yarda ko ƙura ta kwana a wurin.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba don ka mutu. Ka zo ranar Lahadi da kwanon koesister masu zafi, irin fanken nan namu, kamar yadda ka saba, na bar ka tsaye a waje. Ka ce Riaan ne, mai kula da harkar waƙoƙinku, ya sayar, tun kuna yara kai da abokan kiɗanka kuka sa masa hannu a kan komai. Na ce, "Hannun naka ne ko na aro?" Ka ajiye kwanon a dakali ka tafi. Amma daga ranar ba ka sake rera ta a gaban mutane ba. An yi maka ihu, an jefe ka da gwangwani, abokan kiɗanka suka watse suka bar ka. Ka koma gyaran jita a ɗan shagonka, waƙar kuma tana can tana yi wa wasu ƙiba. A nan na huce.

Waɗanda ke kuka a rediyo ba su san wanda ya kai ni gidajen mutuwa shekara da shekaru a tsohuwar motarsa ba. Da gwiwata ta ƙi, kai ke ɗaukar mini jaka, ka zauna a mota har in gama. Ba su san wanda yake aiko da farin yadi a ɓoye in an yi rasuwa gidan da ba hali ba. Kana tuƙi kana tsokanata: "Anti, kin fi ni iya sana'a. Duk wadda kika yi wa aiki ba ta taɓa dawowa da ƙorafi ba." In ce, "Kai dai duba hanya, kar ka kai mu wurinsu tun lokaci bai yi ba." Wani lokaci in mun dawo sai ka tuno da maganar fuskar uwarka, ka ce, "Har yanzu, Anti?" In ce har yanzu. Ka gyaɗa kai ka kunna mota. Ba ka taɓa matsa mini ba.

Ranar jana'izarka ina bakin ƙofa tare da mata. Maza sun ɗauko ka a kafaɗa za su maƙabartar Mowbray, sai ga wasu tsofaffin banza masu furfura cikin baƙaƙen riguna da hotonka, sun ɗaga wayoyi sama, suka kama rera waƙar a bayan makara. Har da wurin tsallen. Ana salati a gaba, su suna wannan a baya. Na rufe fuskata da mayafi don kunya.

Ranar addu'ar bakwai Riaan ya zo. Ya shigo da takalmi ya taka farin zanen da muka shimfiɗa wa masu karatu, mai kyamara na biye da shi, ga kwalin sabulun nan niƙi-niƙi, wai gaisuwar ta'aziyya daga kamfani. Ya durƙusa gabana yana wani lanƙwasa murya. Wai za su sake fitar da waƙar don tunawa da kai, a ƙarshenta kuma a sa muryata ina ba da amsa.

"Anti, duniya ta daɗe tana jira. Kalma ɗaya kawai, yaya fuskarta take?"

Na ce, "Ɗan nan, uwarka na da rai?"

Ya ce tana nan a Bellville.

"To in ta mutu ka kira mai kyamara ya shiga da kai. Ta Galiema kuwa, wanda ta haifa ya tambaye ni har ya yi furfura ban faɗa masa ba. Kai a wa? Tashi daga kan zanen mutane."

Sabulun na sa an kai wa masu wankin motocin haya a tasha. Sun ce yana fitar da baƙin mai sosai.

Wadda ta ba ni tausayi Zulfa ce. Riaan ya riga ya cika mata kunne cewa in na mutu da maganar, an cuci ubanta. Da mutane suka watse ta zauna kusa da ni ta ce, "Anti, ni fa? Kakata ce." Na ce ko ke. Ta yi kuka, na bar ta ta yi. Sannan na ce, "Faɗa ba zan faɗa ba. Amma ke mace ce, ƙofar da aka rufe wa ubanki ba a rufe miki ba. Hannuna ya fara rawa, ina neman mai riƙe mini buta." Da aka yi rasuwa a layin bayan masallaci ta bi ni. Da muka fito 'yar mamaciyar ta tare ta tana tambaya. Zulfa ta riƙe hannunta ta ce, "Yi mata addu'a, Tietie," wato Yaya a bakinmu. Ba ta ƙara ko kalma ba.

Ina yi wa Zulfa ta'aziyya, da mahaifiyarta Rugaya, da ƙanwarka Jawaya, da duk zuri'ar Salie, da mutanen layinmu. Allah ya ba su haƙuri. Masu tsalle kuma Allah ya buɗe musu kunne.

Igshaan, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka hannun da ka sa da ƙuruciya, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da kowane yadi da ka suturta wani da shi. Amanar uwarka tana nan a bakina, da ita za a wanke ni. Allah ya sada ka da Galiema a Aljanna, ya buɗe maka ƙofar, ka duba fuskarta da idonka. Amin.