Teju Ba A Zaɓensa Da Safe

Mahaifina, Karai Toribio Insfrán, shekara talatin ya yi yana kashe teju, wato babban damon ƙasarmu, kafin ya koma kiwonsa. Muna yara, da zafin Oktoba ya kama sai ya saɓi shebur, ya kira karnukansa biyu ya shiga daji. Ya haƙo damon daga raminsa, ya feɗe, ya kafe fatar da ƙusa a jikin katanga. Fata ta tafi wurin masu takalma da jaka, wutsiya ta shiga tukunya mu ci da rogo, kitsen kuwa mahaifiyata ta ɗura a kwalba don masu ciwon gwiwa. Da wannan sana'ar aka kai ni makaranta, da warinta kuma nake shiga aji, yara suna toshe hanci. Tun daga nan na fara jin kunyar aikinsa, kunyar da ban da haƙƙin ji.

Shekarar da mahaifiyata ta rasu ya rataye shebur, bai kuma gaya wa kowa dalili ba. Sai ya kewaye bayan gida da bulo da waya, ya raba shi ɗaki-ɗaki, ya haƙa ramuka, ya fara tara teju yana ciyar da su ƙwai da gwanda. Mutanen ƙauyenmu, nan kusa da Pirayú, suka ce tsoho ya zautu. Ba a yi shekara biyar ba motocin mutanen birni suka fara tsayawa a ƙofarmu, kowa na son ƙadangaren da zai ajiye a gida kamar kyanwa. Masu cewa ya zautu su ne suka koma nuna wa baƙi hanya.

Baƙi-da-fari su suka fi yawa a wurinsa. Suna girma su kai tsawon hannun babban mutum har da ƙari, amma suna da wayo, suna gane mai ba su abinci, wani har ya bi ka tsakar gida. Ja ɗin nan na Chaco ya fi su jiki da kumatu, ga lalaci. Akwai wani ƙato a cikinsu da Baba ya sa wa suna Kwamishina, wai don yini yake barci, kuma ƙwan da bai saya ba yake ci. Ƙaramin nan mai ruwan zinariya, wanda direbobin manyan motoci kan sauko da shi daga arewacin Brazil, shi ne Baba ba ya sakin jiki da shi. Ana cewa damo sarkin haƙuri, in ji shi, amma wanda ya yi karin maganar bai taɓa sa hannu a ramin wannan ba.

Baƙo ya zo da safe, to ya zo shan terere ne, shayinmu na ganye da ruwan sanyi. Baba zai ba shi kujera a gindin mangwaro, ƙoƙon ganyen da ruwan sanyi su yi ta zagayawa, yana tambayarsa girman tsakar gidansa, ko akwai kare, ko akwai jariri mai rarrafe, wa ke yini a gida. Sai rana ta take tsaka, duwatsu sun ɗau zafi, sannan ya shigar da shi ya zaunar a ƙasa da ƙwai a tafin hannu. Dalilinsa ɗaya ne: tejun da sanyi ya kama, ko shaiɗan ne, waliyyi zai zama a hannunka. Halinsa na gaskiya sai jikinsa ya yi ɗumi. Daga Mayu, farkon sanyi a wurinmu, zuwa ƙarshensa kuwa, ko gwamna ne ya zo sai dai ya sha terere ya koma.

Baba bai iya karatu ba, filin da gidan yake ma na ƙanwarsa ne. Dukiyarsa guda ce, kuma yakan faɗe ta a gaban kowa, yana dafa ƙirji: tejun da ya fita daga hannun Toribio bai taɓa cizon mutum ba. Shekara goma sha huɗu maganar nan tana tsaye, har a Asunción, babban birninmu, an san ta.

Ni kuwa na dawo daga Asunción ɗin da takardar shaidar kula da lafiyar dabbobi, an ɗauke ni aiki a ofishin kiwo, ina jin kaina kamar na fi ƙarfin kujerar gindin mangwaro. Baba yakan kira ni Likita. Rabi zolaya ce, rabi alfahari, ni kuma rabin farkon kawai nake ji.

Wata Laraba a farkon Satumba ya tafi Paraguarí duba ƙanwarsa da ba ta da lafiya. Kwana uku ke nan iskar kudu mai sanyi tana kaɗawa, tejun ba su daɗe da fitowa daga barcin sanyi ba. Wajen ƙarfe takwas wata 'yar tsohuwa ta sauko daga bas da kwando a hannu. Ta ce sunanta Ña Herminia Cáceres, daga Itauguá, saƙar ñandutí take yi, wannan zaren mai kama da yanar gizo da ake ɗinkawa da allura. Mijinta ya rasu bara, 'ya'yanta maza suna gidajensu, shirun gidan ya ishe ta. Kare haushi, kyanwa kuma tana hargitsa mata zare. Abin da take so wata halitta ce da za ta kwanta kusa da ƙafarta a rana tana aiki, amma ƙarama, don ita ba ƙarfi gare ta ba.

Da na ce mata Baba ba ya nan, sai ta gyara kwandonta.

"To ɗana, bari in koma. Na dawo ranar da Karai yake gida."

Maganar ba ta da aibu, amma ta soke ni. Na ce mata shekara uku na yi ina karanta dabbobin nan, abin da Baba ya sani da ka, ni na san shi har da dalilinsa. Na kai ta ta leƙa Kwamishina, wanda yanzu na tabbata irinsa Baba zai ba ta. Ta yi dariya ta ce wannan ai shi zai karɓe kujerar, ita ta koma ƙasa. Sai idonta ya kai ɗakin ƙarshe, inda ƙaramin mai ruwan zinariya yake shi kaɗai. Wani direba ne ya bar shi wata biyu da suka wuce, Baba bai taɓa nuna wa kowa shi ba.

Na sa hannu na ɗauko shi. Jikinsa sanyi ƙalau, ya kwanta a damtsena ya lumshe ido. Na ɗora mata shi a cinya, ta shafa bayansa, bai ko motsa ba. Abin da har yau ke hana ni kallon madubi da kyau shi ne ba jahilci ya ja ni ba. Na san abin da sanyi ke yi wa jininsa, na ma amsa tambayar a jarrabawa na ci. Amma tsohuwar tana dubana da murmushi tana cewa lallai ɗan Karai ya gaji Karai, ni kuma ban iya buɗe baki na ce ta jira rana ba. Na saka mata shi a kwando na raka ta bakin titi.

Baba ya dawo da yamma. Ko hula bai cire ba ya zagaya bayan gida kamar kullum, sai na ji takunsa ya tsaya. Ya dawo ya tambaye ni wa na ba mai ruwan zinariyar, na gaya masa.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas da wani abu."

"Iska daga ina take?"

Bas ɗin ƙarshe ya riga ya wuce, ita kuma ba mu da lambarta. Washegari muka fita tare, iska ta juya ta koma ta arewa mai zafi, kafin mu gama tambayar gidanta a Itauguá gumi ya jiƙa mana riga. Mun makara da kamar awa ɗaya. Ta fito da tejun rana, ya ɗumama, ta miƙa masa ayaba. Teju idan ya kama ba ya saki, girgiza kai yake yi. Babban yatsa da manuni na hannun dama ya kama, sai da maƙwabci ya sa cokali ya ɓamɓare bakinsa.

Da aka dawo da ita daga ɗinkin raunin, tsakar gidan cike yake da mutane. Babban ɗanta, Wilfrido, ya nufo ni kai tsaye, yana cewa ni ne ma'aikacin gwamnatin da ya ba uwarsa mugun abu, gobe zai je ofishinmu ya ga ko takardata ta gaske ce. Sai Baba ya shiga tsakaninmu, ya cire hula ya riƙe da hannu biyu.

"Ku bar yaron, saƙona ya isar. Kafin in tafi na ce masa duk wanda ya zo neman ƙarami a ba shi wannan. Ni na gwada shi da hannuna na ce ya yi. Idona ne ya gaza. Ña Herminia, ki yafe wa tsoho."

Ina tsaye a bayansa, ina kallon ƙeyarsa. Ina da baki, ina da shekara ashirin da shida. Na yi shiru.

Ba a yi mako biyu ba labari ya gama ƙasa cewa Toribio ya tsufa, ba ya bambanta mai haƙuri da mai cizo. Motoci suka daina tsayawa. Wasu ma da suka shekara da nasu lafiya lau suka dawo da su, wai ba a sani ba. Baba ya karɓa bai yi musu ba. Da zafi ya kankama ya kwashi baƙi-da-farin a buhu ya sake su a dajin da ya samo iyayensu, ya bar Kwamishina kaɗai, su biyu suna shan rana a bayan gida. Duk farkon wata yakan hau bas da rogo da ƙwai ya kai wa Ña Herminia, wadda manuninta ya ƙage, allura ba ta ƙara zama a hannunta yadda ya kamata ba.

Ni bai taɓa ce mini komai ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga mini hannu, da na samu sauƙi. Abin da ya canza kawai, ya daina ce mini Likita, ya koma kirana Ceferino, cikin ladabi, kamar yadda ake kiran baƙo. Sau da yawa na shirya zuwa Itauguá in faɗi gaskiya. Kullum sai in ce bari a tabbatar da ni a aiki tukuna, bari in yi aure tukuna. Haka shekara huɗu ta wuce, ya kwanta ciwon kwana shida ya tafi.

Ranar addu'ar kwana tara, da la'asar, gida ya cika da mutanen ƙauye, har da waɗanda suka fi kowa yaɗa cewa idonsa ya mutu. Ana cikin raba chipa, burodinmu na garin rogo, sai ga Ña Herminia, Wilfrido yana riƙe da ita. Ta ratsa mutane ta zo ta kama hannuna da hannun nan nata, na ji ƙagaggen yatsan a tafina. Wurin ya yi tsit, don kowa ya san ko wace ce.

"Ɗana, ni na yafe masa tuntuni. Tsufa ne, ba mai kauce masa. Kai ma kada ka riƙe shi a ranka don ya jawo maka abin kunya a farkon aikinka. Kai umarni ka bi."

Duk wanda ya kamata ya ji yana wurin, kuma jimla ɗaya ta isa ta mayar wa Baba sunansa. Na buɗe baki. Na ce mata na gode, sannan na tambaye ta ko an ba ta chipa.