Damin Irin da Ya Rataye a Madafa

Shekarar da ake saran daji wajen Gagarawa don a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, watan cika-ciki ya zo mana daidai da faɗuwar damina. Na ga shigar shekaru da yawa bayan wannan, amma ita ce ta fi zama mini a rai. Ba don an ci wani abin kirki a gidanmu ba. Abin da na fi tunawa shi ne gajiya, irin wadda mutum zai kwana ya tashi da ita kamar ya yini yana daka, alhali ko taɓarya bai ɗaga ba.

Ni 'yar Gumel ce, ubana baduku ne. An kai ni aure wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, gidan gwaggona, yayar ubana, na auri babban ɗanta. Auren zumunci ne, amma ni na riga manya, tuni nake sonsa. Tun ina ƙarama idan ya zo Gumel da jakinsa nakan laɓe a bayan zana ina kallonsa. Dogo ne, baƙi, mai sanyin murya. Idan dariya ta kama shi sai ya kawar da kai gefe, kamar ba ya son a gani. Na ɗauka a raina cewa ni da shi za mu tsufa a inuwar gawo ɗaya, ya riƙa ba ni labarin garuruwa, ina tsefe kaina ina saurare.

Kakar farko da na yi a gidan, kafin a fara yankan gero, ya tafi da ni gona don in ga yadda ake zaɓen iri. Geron gidansu ne tun daga kakansa, gajere, mai saurin nuna, ya san rairayin ƙasarmu. Ya riƙa bin kunya-kunya yana murza zangarniya a tafin hannunsa, ya bar wannan, ya yanki wancan. Ni kuwa ba zangarniyar nake kallo ba, yatsunsa nake kallo. Ban da irin da aka zuba a rumbu na gida duka, ya ɗaure wani ƙaramin dami nasa na kansa, mafi kyau a ciki, ya rataye shi a rufin madafa, saman murhu, inda hayaƙi zai hana ƙwari.

Ya ce mini, "Wannan kada kowa ya taɓa shi. Da hannuna zan shuka shi in na dawo."

Da rani ya yi, ya bi wani ayari daga kasuwar Maigatari zuwa Damagaram, yana kora musu jakuna. Ya ce kafin hadarin farko yana gida, zai kuma zo mini da baƙin zane mai ƙyalli.

Hadarin farko ya zo, na biyu ya zo, aka yi shuka da irin rumbu, aka yi noma, aka yi girbi. Bai dawo ba. Duk ranar kasuwar Maigatari ƙaninsa yakan je ya yi cigiya, ya dawo da magana iri-iri. Wani ya ce Faransawa sun kama shi sun sa a soja. Wani ya ce ya gan shi can arewa wajen masu gishiri, ya yi ƙiba. Wani ya rantse ya bi masu tafiya gabas da ƙafa. Kowace magana sai na ɗauke ta na yi mata ɗaki a zuciyata, na shimfiɗa mata tabarma, har wata ta zo ta kore ta.

Gwaggo ba ta taɓa cewa komai ba. Ɗan fari ne, ko yana nan ba ta kiran sunansa, ba ta kallon inda yake, balle yanzu. Idan ƙaninsa ya dawo daga kasuwa sai ta ɗauki kaɗinta ta koma can ƙarshen tsakar gida, ta juya baya, amma mazarin yakan tsaya cak har sai an gama ba ni labari.

Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, damin nan yana rataye. Kunkunniya ta rufe shi ya yi baƙi ƙirin. Idan ina girki ni kaɗai nakan ɗaga kai in gaya masa abin da ya faru a gari, wanda ya mutu, wadda ta haihu, rijiyar da ta ƙafe. A ganina muddin yana nan a rataye, mai shi yana kan hanya. Alkawari ya yi, kuma ni ban taɓa jin ya yi ƙarya ba.

To, daminar da ta gabaci wadda nake ba da labari ba ta yi kyau ba. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Ƙanin mijina, wanda gidan ya koma wuyansa, ya ɓoye ɗan iri a tulu ya liƙe bakinsa da laka. Ruwa ya sauko da wuri, kowa ya fita da murna, muka shuka shi duka. Ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke. Muna ji muna gani rana ta ƙone shi, iska ta binne sauran da rairayi. Maƙwabta ma abin da ya same su ke nan, ba mai ragowar da zai ba wani. Ga hadari ya fara haɗuwa kuma a gabas, ga gona a share, babu ƙwaya ɗaya ta iri a gidan sai abin da ke rataye saman murhuna.

Kowa ya sani, ba wanda ya ce uffan. Gwaggo ba za ta iya ba, don yin maganar damin yin maganar ɗanta ne. Ƙaninsa kuma ba zai iya tsayawa gaban matar wansa ya ce ta sauke abin da wansa ya hana a taɓa ba. Sai dai na lura kowa ya shigo madafa ba ya ɗaga kai sama, kamar akwai wani abin kunya a wurin.

Ranar cika-ciki da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina ina gyaran kuka, sai ga ƙanin mijin nawa ya shigo da tsintsiya a hannu, ƙaton mutum da gemunsa. Ban da kasancewarsa ƙanin miji, taubashina ne, shi ɗan mace, ni 'yar namiji. A al'ada duk shigar shekara yakan zo ya yi kamar yana share mini ƙofa, ni kuma in ba shi tukuicin shara, kuma ranar duk abin da taubashi ya faɗa ba a yin fushi. Ya duƙa ya fara shara, yana tura mini rairayi a ƙafa da gangan.

Ya ce, "Uwargijiyata, 'yar birni, bawanki ya zo. A fito da shara."

Na ce, "Kai, tafi can. Wannan shara ce ko tonon rami? Bawan da bai iya riƙe tsintsiya ba ai sai a kai shi Maigatari a musanya da akuya."

"Wa zai ba da akuyarsa a kaina bana? Dubi haƙarƙarina fa. Uwar ɗakin da ta bar bawanta ya rame haka ita ce abin kunya, ba ni ba."

"Ramar gado ce. Duk 'ya'yan mata haka kuke, kamar karan dawa."

Matarsa tana daga bakin turmi ta tuntsire da dariya. Na shiga ɗaki na ɗauko masa goro guda da na ɓoye, ya riga ya fara bushewa. Ya karɓa ya jujjuya shi, ya miƙo mini abina.

"Bana ba na cin goro. Haƙorana sun tsufa."

"To me kake so, sarkin kwaɗayi? Ka san dai ba ni da komai."

Ya ci gaba da shara, bai dube ni ba. Murya dai ta wasa ce, amma tsintsiyar wuri ɗaya take ta bi.

"Akwai wani tsohon baƙin abu da ke rataye a madafarki, yana zubo wa mutane datti a miya. Bawa ai shara yake kwashewa. Ba ni shi in kai miki gona in zubar."

Dariyar matarsa ta tsaya. Can ƙarshen tsakar gida na ga mazarin Gwaggo ya tsaya shi ma. Na so in zage shi, zagi na gaske, amma ranar ba ta fushi ba ce, shi ya sa ya zaɓe ta.

Na ce, "Ba nawa ba ne."

Ya ce, "Na sani. Na wana ne. Uwa ɗaya ta haife mu." Ya jingine tsintsiyar a jikin zana ya fita.

Na shiga madafa na zauna a kan turmin da aka kife. Ban yi kuka ba, ƙarfin kukan ma babu. Na daɗe ina kallon damin. Na yi ƙoƙarin tuno fuskar mai shi, sai na tarar ba ta zuwa gaba ɗaya. Wuyansa ya zo, yatsunsa suka zo, yadda yake kawar da kai ya zo, amma idanun sun ƙi. Ashe na jima ina hira da kunkunniya. Na tuna ƙawayena na Gumel, wasu da goyo na biyu, wasu na uku. Na tuna sau nawa ubana ya aiko a gaya mini shari'a ta ba matar da mijinta ya ɓata mafita, in zo mu je gaban alƙali a raba auren, ina mayar masa da cewa a ƙara haƙuri. Na kuma tuna ranar zaɓen irin nan. Da mijina ya murza zangarniya ya ce mini iri ba ya son zama, kowace shekara sai ya shiga ƙasa ya fito sabo. Na ji maganar a lokacin, amma hankalina yana kan yatsunsa.

Bayan azahar na jawo turmin ƙarƙashin rufin na hau. Ko kwance igiyar ban yi ba, ina taɓa ta ta tsinke. Damin ya faɗo mini a ƙirji, baƙin gari ya rufe mini fuska da zane. Ba shi da nauyin da nake zato.

Na fito da shi tsakar gida na ajiye a gaban Gwaggo. Ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, "'Yar nan, je ki wanke fuskarki, kin zama kamar dodo." Sannan ta tashi ta ɗauko faifai da kanta.

Mu uku, ni da ita da matar ƙanin mijina, muka murje shi da hannu, ba mu sa a turmi ba don kada ya farfashe. Hayaƙi ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙwari sun shiga ta ciki. Zangarniya da yawa kana taɓawa sai ta zama gari. Abin da ya rage bayan an sheƙe bai cika ƙaramar ƙwarya ba.

Da magariba aka yi tuwon cika-ciki. Ba mu yi layya ba a shekarar, amma Gwaggo ta adana ɗan busasshen nama daga abin da maƙwabta suka aiko, aka jefa a miya. An ce wanda bai ƙoshi ba a wannan rana haka zai ƙare shekara, don haka kowa yakan ci har ya ture. Kowace shekara nakan zuba rabon maigidana a akushinsa in rufe, da safe in bayar sadaka. Na ɗauko akushin kamar kullum, na tsaya da shi a hannu. Gwaggo tana kwasar tuwo, ba ta ɗago ba. Na mayar da shi inda yake, na zauna. Ta ɗauki malmalar da ta saura ta gutsura mana, ta sa mini babban rabo.

Ta ce, "Ci. Shekara tana da tsawo."

Ruwa ya sauko kwana kaɗan bayan haka. Ƙanin mijina yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Ya waiwayo ya ce, "'Yar birni, ƙwaya ake jefawa, ba watsi ake yi ba, rage hannu." Na ce masa ya kula da raminsa, sun karkace kamar tafiyar mai maye. Ƙwaryar ta ƙare tun ba mu kai tsakiyar gona ba.

Irin bai fito duka ba. Rami ɗaya ya tsiro, uku su yi shiru, haka gonar ta zama kamar kan mai ƙora. Inda ya fito da yawa muka cira muka dasa a guraben da suka mutu. Sauran filin muka cike da wake da wani ɗan'uwan matar ƙanin mijina ya taimaka mana da shi daga Sule Tankarkar. Da an shuka damin nan tun shekarar da ya kamata, da ya cika rumbu ya haifi wani. Na san haka, kowa ma ya sani, ba wanda ya faɗa mini.

Ranar da muka gama dashe, muna dawowa ni da Gwaggo, ƙafafunmu duk laka, na gaya mata niyyar da na ɗaura wa shekarar. Na ce in Allah ya kai mu kaka zan tafi Gumel, mu je gaban alƙali da ubana. Muka ci gaba da tafiya har muka kusa gida.

Sai ta ce, "Kafin ki tafi, ke za ki zaɓa mana iri. Ke ya nuna wa."

Da kaka na shiga gonar ni kaɗai da 'yar wuƙa. Geron bai fi a kirga ba, amma gajeren nan ne, nasu na gado. Na riƙa murza zangarniya a tafin hannuna, wannan karon ita nake kallo. Na ɗaure ɗan dami, na miƙa wa ƙanin mijina, na ce ya sa a rumbu tare da na kowa.